Ganoderma da ciwon gaɓɓai: magani ne ko talla?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar masu sani. Innarmu tana fama da amosanin gaɓɓai, irin wanda likita ya ce garkuwar jikinta ce ke cin gaɓoɓinta. Da asuba yatsunta a sandare suke tashi, ko carbi ba ta iya ja sai rana ta ɗaga. Tana shan metotireksit sau ɗaya a mako. To yanzu wata maƙwabciyarmu ta kawo mata kofi da ƙwayoyin ganoderma, wai naman kaza ne na ƙasar Sin mai kashe kumburi daga tushe, har tana cewa a ajiye na asibiti don wannan ya samu hanyar aiki. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne, Inna kuma ta ƙwallafa rai. Da gaske yana maganin kumburi?

Ummu Sultan:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya. Ni ina sayar da irinsa, ina kuma sha, don haka ba labari aka ba ni ba. Mutanen Sin sun yi kusan shekara 2,000 suna amfani da shi, kin ko san ruwa ba ya tsami banza. Ina da kwastoma dattijuwa da a zaune take salla, yanzu tana ruku'u. Na asibitin nan danne ciwo kawai yake yi, ga lalata hanta.

Likitar Gida:
Maman Ilham, kafin muhawara ta yi nisa: don Allah kada Inna ta ajiye metotireksit. A irin ciwonta, kumburin yana cinye guringuntsi da bakin ƙashi a hankali, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Ina ganin mata da yatsunsu suka karkace saboda an ce musu su huta da magani na 'yan watanni. Sauran maganar za a iya tattaunawa a tsanake, wannan kam babu ja a cikinta.

Abu Hanif:
Na yarda da Dakta kan batun ajiye magani. Amma a yi wa naman kaza adalci, don fannin da nake karatu ke nan. Kumburi a asalinsa kariya ne. Ka yanke, wurin ya yi ja, ya yi zafi, ya tasa, ya warke. Matsalar ita ce wanda ya ƙi lafawa, tamkar 'yan sintirin da ɓarawo ya daɗe da gudu amma suka ƙi komawa gida, suka koma dukan mutanen unguwa. A cikin ƙwayoyin garkuwar jiki akwai wani makunni da ake kira NF-kB. Idan ya kunnu, ƙwayar takan saki sinadaran da ke rura kumburi, irin su TNF-alfa da IL-6, hanta kuma ta ƙara fitar da CRP, wanda shi ne ake gani a awon jini.

Ganoderma yana da sinadarai masu ɗaci, dangin tiraitafin, sama da kala 100. An zuba su a kan ƙwayoyin garkuwa a ɗakin gwaji, an ga suna rage kunnuwar makunnin nan. A 2015 masu bincike a Jami'ar Chang Gung ta Taiwan suka ba ɓerayen da ake ɗura wa abinci mai maiƙo ruwan ganoderma: ƙiba ta ragu, kumburi ya ragu, suka kuma gano ta hanyar sauya ƙwayoyin da ke zaune a hanji abin ya bi. A 2019 a Jami'ar Notingham ta Ingila, sinadarin kodisefin, wanda aka fara cirowa daga naman kazan kodisefs tun 1950, ya rage ciwo da kumburin gwiwa a ɓeraye. Wannan ba tatsuniya ba ce.

Baban Nana, famasis:
Malam Abu Hanif, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ka duba jerin naka: kwanon gwaji, ɓera, ɓera. Inna mutum ce. An kuwa gwada ganoderma a kan masu ciwo irin nata sak. A 2007 likitoci a Hong Kong suka ɗauki mutum 65 masu wannan amosanin, suka raba su gida biyu. Rabi aka ba su giram 4 na ganoderma kullum haɗe da wani maganin gargajiyar Sin, rabi aka ba su holoƙon ƙwaya da babu komai a ciki, tsawon mako 24, ba mai sanin wanda yake sha. Waɗanda suka samu sauƙin da ake nema kashi 15 cikin 100 ne a ɓangaren ganoderma, kusan kashi 9 a ɗaya ɓangaren, tazarar da ba ta fi ƙarfin dace ba a mutane 'yan kaɗan haka. CRP da ESR, wani awon jinin da shi ma ke nuna kumburi, ba su motsa ba. Abin da aka gani kawai shi ne masu shan ganoderma sun ce zogi ya ɗan ragu.

Ku lura da abu guda: ba wanda aka ce ya ajiye maganinsa na asibiti a gwajin nan. A ƙasar da ta fi kowa girmama ganoderma ma, a kan magani aka ɗora shi.

Ummu Sultan:
To ai ga shi da bakinka ka ce zogi ya ragu. Mai ciwo me yake nema in ba sauƙi ba? Ku masu boko sai an kawo muku takarda. Ni abin da idona ya gani nake faɗa, gani kuwa ya kori ji.

Baban Nana, famasis:
Anti, ban ƙaryata idonki ba, na kuma san don taimako kike magana. Amma ciwon gaɓɓai da kansa yana tashi yana kwanciya. Lokacin hunturu ya matsa, da bazara ya saki. Mutum kuma sai ciwo ya kai maƙura yake sayen sabon magani, ma'ana daidai lokacin da dama zai fara sauka. Shi metotireksit yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin a ji aikinsa, to idan a tsakanin nan aka fara shan kofi, kofi ne zai kwashe godiya. Ki kuma tuna kashi 9 ɗin can da suka samu sauƙi da holoƙo. Su ma da an tambaye su, rantsuwa za su yi cewa maganin ya yi.

Raguwar zogi ba ita ce mutuwar kumburi ba. Mutum na iya jin dama-dama alhali gaɓar tana ci gaba da lalacewa, wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Baba Sarkin Noma:
'Ya'yana ku bar ni in sa baki. Wannan abu da kuke nuna hotonsa, mai ja-ja da ƙyalli kamar an shafa masa fenti, ai muna ganinsa a jikin kututturen itace da damina, tauri gare shi, ba mai kai shi baki. Wanda muke ci shi ne farin nan mai doguwar saiwa da ke fitowa a gindin suri bayan an sha ruwa. Da sassafe ake tono shi tun bai buɗe ba, a yayyaga shi da hannu, a sa a miyar kuka ko a gasa da gishiri. Ɗanɗanonsa kamar tsokar kaza. Ba mu taɓa kiran sa magani ba, cefane ne Allah ya kawo kyauta. Shin shi ma yana da wannan amfanin?

Abu Hanif:
Ranka ya daɗe Baba, wanda kake nufi masana suna ce masa Tamitomaisis, gara ce ke noma shi a cikin gidanta. Kusan duk naman kazan da ake ci yana ɗauke da beta-gulukan, sinadarin da ke cikin bangon ƙwayoyinsa, da wani sinadari mai suna egotayonin, wanda jikinmu ba ya ƙera shi amma yana da ƙofa ta musamman da yake shigar da shi cikin ƙwayoyin halitta, an gano ta a 2005. Ni wannan ƙofar tana ba ni mamaki ƙwarai: jiki ba ya tanadar ƙofa don abin da ba ya so.

Akwai kuma gwaji a kan mutane, Malam Famasis. A 2015 a Jami'ar Fulorida, mutum 52 suka ci giram 5 ko 10 na busasshen shitake, wani naman kaza da ake ci, kullum har mako 4, CRP ɗinsu ya sauka.

Baban Nana, famasis:
Na san shi. Lafiyayyu ne 'yan shekara 21 zuwa 41, kuma babu rukunin da aka hana shitake don a gwama. Alama ce mai daɗi, ba hujja ba ce ga mai amosani. Bari ma in ƙara maka wanda ya fi shi ƙarfi, don kada a ce ina ɓoye na ɓangarenka. A Oslo ta Norwe, 2016, an ɗauki mutum 50 masu kumburin babban hanji mai sa gudawa da jini, kusan rabinsu suka sha ruwan haɗin naman kaza iri 3 na mako 3, sauran suka sha na bogi. Masu shan na gaske sun ce alamun ciwo da kasala sun ragu. Amma ma'aunin kumburi da ake dubawa a bayan gida bai canja ba. Ka ga labarin ya sake maimaituwa: mutum ya ce ya ji sauƙi, awo ya ce kumburi na nan.

Cibiyar Cochrane mai tace gwaje-gwaje ta tattara na ganoderma a 2015, gwaji 5, mutum 398, ba ta ga ya sauke suga ko hawan jini ko kitsen jini ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Likitar Gida:
Akwai abin da nake so Abu Hanif ya fayyace wa mutane da kansa. Shi beta-gulukan kwantar da garkuwa yake yi ko tayar da ita?

Abu Hanif:
Tambaya mai nauyi, Dakta. Tayar da ita ya fi yi. Ƙwayoyin garkuwa suna da wani maƙali mai suna dektin-1, an bayyana aikinsa a 2001, da shi suke gane funfuna ta shigo jiki. Beta-gulukan na taɓa shi sai su zabura. Shi ya sa Japan ta amince da PSK, wani sinadari da aka tatso daga naman kaza, a 1977 da lentinan na shitake a 1985 a matsayin masu tallafa wa maganin kansa, lentinan ɗin ma allura ce. Wato a cikin naman kaza guda akwai masu ɗacin da ke kwantarwa, akwai gulukan mai zaburarwa. Wanda zai rinjaya ya danganta da yadda aka tatso shi: ruwan zafi gulukan yake fitarwa, masu ɗacin kuwa ba sa narkewa sosai a ruwa.

Likitar Gida:
Madalla. To Inna garkuwarta ce ta yi yawan zabura, maganinta kuma aikinsa ya lallashe ta. Ka kawo abin da aka rubuta a kwalinsa "yana ƙarfafa garkuwar jiki" ka ba ta, ina aka dosa? Haka ma wanda aka yi wa dashen ƙoda ko mai cutar lufus, wadda ita ma garkuwar jiki ce ke cin mai ita. Kalmar "ƙarfafa garkuwa" tana da daɗin ji a talla, amma ga waɗannan bayin Allah gargaɗi ce.

Ummu Sultan:
Amma Dakta namu yana da lambar NAFDAC. Gwamnati za ta bari a sayar da abin da ba ya aiki ne? Kuma daga tsiro yake, ba kemikal ba.

Baban Nana, famasis:
Anti ki ɗauko kwalin ki juya bayansa. Irin waɗannan kayan, lambar da ake ba su tana nufin an duba ba a ga cutarwa a fili ba, ba ta nufin an tabbatar suna warkarwa. Shi ya sa za ki ga ƙaramin rubutu da Turanci cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba.

Sai batun abin da ke cikin kwalin. A 2017 aka sayi kayan ganoderma kala 19 a kasuwar Amurka aka auna, 5 kacal suka dace da abin da aka rubuta a jikinsu. Dalili guda shi ne wasu ba sa jira laimar ta fito. Zaren funfunar suke shukawa a kan hatsi, su niƙe shi duka da hatsin, sai ka sayi sitaci da tsada. Ganoderma na gaske ɗaci gare shi mai kama maƙogwaro. Sacet ɗin kofi mai madara da sukari da ake sha ana lumshe ido, nawa ne ganoderman ciki? A Hong Kong giram 4 suka sha kullum, duk da haka ga sakamakon.

Maman Ilham:
Innalillahi. Na duba na Inna yanzu, sukari ne na farko a jerin kayan haɗin, ga shi kuma likita ya ce ta rage zaƙi saboda piredinisolon da aka taɓa ɗora ta a kai ya ɗaga mata suga. Ƙwayoyin kuwa ba a rubuta ko daga laimar aka yi su ko daga zaren ba.

Likitar Gida:
Kan maganar "daga tsiro yake", Hajiya Ummu Sultan, bari in kawo abin da likitoci suka rubuta. A Hong Kong a 2004 da Tailan a 2007 an samu waɗanda hantarsu ta kumbura bayan shan garin ganoderma, ta Tailan ɗin ma rasuwa ta yi. Ba yawa gare su ba, akasarin masu sha iyakarsu bushewar baki ko ɓacin ciki. Sai dai metotireksit dama hanta yake wa nauyi, shi ya sa muke auna ta a kai a kai. Kin faɗi gaskiya da kika ce yana iya taɓa hanta, bambancin shi ne mun san adadinsa, mun san abin da za mu duba, mun san lokacin tsayawa.

Akwai wani mai suna caga, baƙi kamar gawayi, da ke fitowa a itatuwan ƙasashen sanyi irin Rasha, yanzu ana tallarsa a intanet. A Japan an rubuta labarin wata mai shekara 72 da ta sha cokalin shayi 4 zuwa 5 na garinsa kullum har wata 6, sinadarin okzalet ya toshe mata ƙoda, sai da aka koma wankin ƙoda. Ganoderma kuma yana iya ƙara tsinka jini, don haka mai shan wafarin ko asfirin, ko wanda za a yi wa tiyata, ya nisance shi.

Ummu Sultan:
Wannan na hanta da na jini ba a taɓa faɗa mana a taron horo ba. Zan riƙa tambayar mai saye magungunan da yake sha. Amma ban sauka daga cewa yana taimakon wasu ba, Dakta, mutanen da na gani ba mafarki na yi ba.

Abu Hanif:
Ni ma ban sauka ba Anti, sai dai ta wata hanyar nake hango shi. Dangin funfuna sun riga sun ba duniya maganin kwantar da garkuwa na gaske. Siklosforin, wanda ya sauya dashen ƙoda bayan amincewa da shi a Amurka a 1983, daga funfunar ƙasa da aka ɗebo a Norwe ya fito. Fingolimod da aka amince da shi a 2010 don cutar da garkuwa ke cin rigar jijiyoyi, tushensa wata funfuna ce 'yar uwar kodisefs. Ba garinsu aka kaɗa a kofi ba. An ware sinadari guda, an gyara shi, an san adadinsa, an gwada a kan dubban mutane. Kodisefin ma abin da ya riƙe shi ke nan: yana shiga jini wani sinadarin jiki yake farfasa shi nan da nan, sai an warware wannan kafin a yi maganar ƙwaya.

Abin da ke ci mini rai shi ne wanda Baba yake gani a kututture. Ganoderma dangi ne mai yawa, na dajinmu ba lalle ya zama irin na Sin ba, sinadaransa ma na iya bambanta. Ga NIPRD, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa a Abuja, da ta fitar da Niprisan na sikila daga tsirranmu, ga jami'o'i cike da ɗalibai. A ce mu riƙa sayo na Asiya a kwali alhali namu yana ruɓewa a gona ba mu san me ke cikinsa ba?

Baba Sarkin Noma:
Allah ya yi maka albarka ɗana. Amma ku ja wa yara kunne, kada wani ya karanta wannan ya shiga daji tsintar laimar kwaɗi. Mu da muka tashi a ciki ma, wanda ba na suri ba ne ba ma taɓawa.

Likitar Gida:
Gaskiya ne Baba. Mafi muni a cikinsu ba ya nuna kansa da wuri. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su zo, su lafa, mutum ya zaci ya warke, kwana biyu hanta ta tsaya. Dafuwa ba ta kashe dafin. Wanda yake son ci ya sayi na noma, irin farin nan mai faɗi da ake shukawa a leda kan garin katako ko karan shinkafa, ya dafa shi sosai. Shitake ma in bai dahu ba yana fitar wa wasu da ƙuraje jere-jere kamar shatar bulala.

Maman Ilham:
To Dakta in sa mata na ci a miya ba laifi? So nake in samu abin da zan ba ta a madadin kofin, don in na karɓe kawai za ta ga kamar rowa nake mata.

Likitar Gida:
Ba laifi ƙanwata, abinci ne mai kyau, ba maiƙo, ga shi yana ƙosarwa. Kada dai a sa ran shi zai sassauta yatsun. In har yanzu tana tashi a sandare fiye da awa guda, alama ce maganin bai kai ba, ku koma wurin likitanta a auna CRP da ESR da hanta, wataƙila a ƙara adadi ko a haɗa mata da wani. Ku tafi da kwalin ƙwayoyin a hannu ya gani. Ki kuma bincika ko tana haɗawa da dikulofenak na kemis a ɓoye, tsofaffinmu suna yawan yi, shi kuwa da metotireksit suna wahalar da ƙoda.

Kawun Yara:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Ni ciwon hanta nau'in B gare ni, ina kan tenofobir. An ce mini ganoderma yana wanke hanta, na riga na sayi kwalba ban buɗe ba.

Likitar Gida:
Kawu kada ka buɗe ta. Kumburin hantarka ƙwayar cuta ce ke hura shi, tenofobir kuma ita yake dannewa, in ka tsayar da shi tana iya tasowa da ƙarfi fiye da da. Hantar da ke fama ba a ƙara mata garin da aka riga aka rubuta ya taɓa ta wasu. Ka ci gaba da maganinka kullum, ka riƙa zuwa awon jini da hoton ciki duk wata 6, in kuma mai kwalbar zai karɓa ka mayar masa.